Tun da ta kalli wani fim, 'yata ke tambayar uwarta ko ita ce ta gaske

"Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara 11 da mace 'yar shekara 6. Tun ina makaranta nake son finafinan almara masu duhu, irin na dodanni da mayu da duniyoyin da babu su, musamman tsofaffin nan da ba kowa ya san su ba, kuma na tara su da yawa a kwamfuta. Mako biyu da suka wuce, bayan Isha'i, na kunna wa yaran Coraline. Na taɓa kallonsa da daɗewa, a tunanina katun ne kawai, ga kuma alamar PG a jikinsa, wato yara na iya kallo da kulawar iyaye. Daidai inda matar nan mai idon maɓalli ta fara rikiɗa, yarinyar ta ƙwalla ƙara, uwarta ta shigo ta kashe talabijin. Tun ranar ba ta kwana ita kaɗai, tana farkawa da kuka, ta ƙi sa duk rigar da ke da maɓalli, har ta kama fuskar uwarta tana leƙa idonta tana cewa, 'Ke ce Ummata ta gaske?' Maiɗakina ta ce ko in goge finafinan kaf ko ta kai ƙarata gida, wai dama kallon shaiɗanu ne. Na ce mata ai 'yar tsana ce, har na yi dariya, abin ya ƙara dagulewa. Hajiyata ba ta san da zancen fim ba, ta ce a kai yarinyar wajen mai ruƙya. Ina son 'yata, ba na son ɓacin ran iyalina, amma finafinan nan na daɗe da su, burina ma wata rana mu zauna mu kalla ni da maiɗakina. Ina mafita?"

Wani magidanci, daga Zariya

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sanyaya zukatanku. Matsala uku ka kawo a ƙulli ɗaya, ta yarinya da ta uwarta da ta finafinanka, kuma na lura ta ukun ce ta fi tsaya maka a rai, alhali ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Mu fara da wadda ba ta iya jira.

Abin da ya sami 'yarka sananne ne. Joanne Cantor, tsohuwar malama a Jami'ar Wisconsin ta Amurka wadda ta daɗe tana nazarin yadda talabijin ke tsorata yara, ta nuna cewa yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba, siffar abu ce ke razana shi fiye da ma'anar labari, kuma rikiɗa na cikin abubuwan da suka fi firgita shi, wato fuskar da ya saba da ita ta juye a gabansa ta zama wata aba. Coraline kuwa, wanda Henry Selick ya fitar a 2009 daga littafin Neil Gaiman, a kan wannan aka gina shi kacokan. Matar mai idon maɓallin tana da fuska da muryar uwar Coraline, yarinyar da ke cikin fim ɗin, ta fi uwar iya girki da fara'a, sai daga baya ta miƙe ta yi tsawo ta rame ta nuna ainihinta. Ɗanka mai shekara 11 labarin jarumta ya gani. Ƙanwarsa kuwa tambaya ta ɗauko daga ciki: idan waccan uwar za ta iya zama ta ƙarya, tawa fa? Leƙa idon da take yi neman tabbaci ne, ba ƙin uwarta take yi ba. Ka faɗa wa maiɗakinka wannan, domin tana bukatar jin sa.

A wannan shekarun, cewa "ai ba gaske ba ne" ba ya kai yaro ko'ina. Runguma da maimaitawa su ke aiki. Duk lokacin da ta yi tambayar, uwarta ta durƙuso ta bar ta ta duba idon, ta taɓa fuskar, ta ba ta amsa guda gajera wadda ba ta canzawa: "Ni ce Ummanki, ni na haife ki." In ta ƙara da labarin ranar da aka haife ta ko ranar sunanta, abin da uwar gaske kaɗai za ta sani, ya fi. Yayanta kuma ka ja masa kunne tun yau, kada ya kuskura ya ɗora maɓallai a idonsa don tsokana. Wasa ɗaya irin wannan zai rushe aikin mako guda.

Akwai wani abu da ya rage a buɗe. An kashe fim ɗin daidai inda mugunta ta yi rinjaye, don haka a wajen 'yarka matar nan tana nan ba a ci galabarta ba. Kada ka sake kunna mata. Da rana, tana jikin uwarta, ku ƙarasa mata labarin da baki kamar tatsuniya: yarinyar ta yi ƙarfin hali ta koma, kyanwa ta taimake ta, ta ceto iyayenta na gaske, ta kulle ƙofar, ta jefa makullin a rijiya mai zurfi, aka yi walima a lambu. Ku tsallake zancen fatalwar yara uku da ke cikin fim ɗin. In ta ce a sake mata gobe a sake, ko sau goma ne, domin da maimaitawar take kwantar da abin a ranta. Kakanninmu ma sun ba mu labarin Dodo mai haɗiye mutane, amma mai tatsuniya tana kallon fuskar yaro, in ta ga ya tsure sai ta sassauta, kuma ba ta tashi sai ta kai ƙurunƙus. Talabijin ba ya yin ko ɗaya daga ciki.

Maganar maɓalli kuma a bi ta a hankali. Mako guda a bar ta da rigunan da take so. Bayan nan a zuba maɓallai masu launi a faranti ana ƙirga su da ita da rana, in ta saki jiki uwarta ta sa ta riƙe zare tana ɗinka maka ɗaya a riga. Tilasta mata rigar da safe ana saurin makaranta shi ne ke mayar da tsoron rigima ta kullum. Idan an yi mako biyu ko uku ta fara sakewa, akwai dabarar da kai ka fi kowa iya ta. Coraline da 'yan tsana aka yi shi, ita jarumar tsayinta bai kai ƙafa ɗaya ba, ana motsa su kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka, har hoto 24 a sakan ɗaya. Ka jingina wayarka da littattafai don kada ta motsa, ku ɗauko 'yar tsanarta, ita ta riƙa matsar da ita kai kana ɗauka. Hoto 50 a kan goma a sakan zai ba ku fim na sakan biyar, kuma akwai manhajoji kyauta da ke haɗa su. Yaron da ya motsa 'yar tsana da hannunsa ya ga ta yi tafiya a allo ya fahimci abin da bayani ba zai fahimtar da shi ba.

Dare shi ne babban aiki. Yaro mai shekara 6 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma ƙarancin barci na ƙara mugun mafarki. A tsayar da lokacin kwanciya guda, a kashe talabijin da waya awa ɗaya kafin nan, a bar fitila marar haske sosai, a bar ƙofa a ɗan buɗe. Ku karanta mata Ayatul Kursiyyu, sannan Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe mata jiki sau uku kamar yadda ya zo a sunna, ku koya mata ta riƙa yi da kanta. Sai janyewa daki-daki: dare uku kana zaune a bakin gadonta har ta yi barci, dare uku a bakin ƙofa, dare uku kana fita kana leƙowa duk minti biyar. Abin da ke ɓata wannan tsari biyu ne. Ɗaya, ka ce kana nan sannan ka sulale, ta farka ta ga ba kowa. Biyu, haska tocila ƙarƙashin gado kowane dare ana neman dodo, wanda ke tabbatar mata cewa akwai abin nema.

Ka lura kuma da irin farkawar. Mugun mafarki ya fi zuwa a ƙarshen dare, yaro ya farka sarai, ya gane ka, ya ba ka labarin abin da ya gani. Firgitar barci daban ce, tana zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan kwanciya, yaro yana ihu ido buɗe amma bai san kana wurin ba, da safe kuma ba ya tuna komai. A wannan ba a girgiza shi don ya tashi, ana tsare shi ne kada ya ji ciwo har abin ya wuce. Idan an haura wata guda babu sauƙi, ko fitsarin kwance ya dawo, ko ta ƙi makaranta ko abinci, ku ga likitan yara. In kuwa akwai zazzaɓi, ko jikinta na sandarewa ko fizga, ba a jira ko kwana ɗaya.

Hajiya ta yi hukunci ne da abin da aka nuna mata, jika tana firgita babu dalili. Ka je ka gaya mata dalilin, ko da za ka sha faɗa, ka roƙe ta ta riƙa yi wa yarinyar addu'a da tofi da kanta. Abin da nake ji wa 'yarka shi ne zaman da za a ɗaga murya a kanta, a turnuƙe ta da hayaƙi, a ce a gabanta akwai wani abu a jikinta. Yarinyar da ke tsoron cewa mutum zai iya zama ba shi ba, ka ga inda wannan zai kai ta.

Yanzu ga maiɗakinka. Ba na jin fim ne ya fi yi mata ciwo. 'Yar da ta haifa ta dube ta da shakka, ita ke tashi cikin dare, ta kawo maka kukanta kai kuma ka yi dariya. Ka ba ta haƙuri a kan dariyar da kuma kunna fim ɗin ba da saninta ba, kada ka biyo da "amma", kada kuma ka haɗa da roƙon a bar maka finafinanka a zama ɗaya. Ka karɓi tashin dare, aƙalla rabi. Sai ta ga barci ya fara dawowa gidan sannan ka kawo maganar, da alkawura a hannunka: ba abin da za a kunna wa yara sai kai ka sake kallonsa daga farko zuwa ƙarshe a cikin makon kuma ita ta amince, naka suna kulle da lambar sirri ko a filashi daban da ba ya kwana a jikin talabijin, kuma da abin sa wa a kunne za ka riƙa kallo, don kiɗan irin waɗannan finafinai na ratsa bango ya tsorata yaron da bai ga komai ba.

Sharaɗinta na a goge komai, ɓacin rai ne ke magana, kuma ba zai kare yaran ba tunda za su ci karo da irinsu a wayoyin abokai. Duk da haka kalmar "kallon shaiɗanu" ba abin wofintarwa ba ce. Ka tambaye ta me take nufi takamaimai. In tsiraici ne, akwai waɗanda ya kamata kai da kanka ka goge a gabanta. In makarar Asuba ce, maganinta lokaci. In kuwa gumaka da tsafin da ake nunawa ne ke damun ta ta fuskar addini, ku je tare wajen malamin da kuka yarda da shi, ka bayyana abin da ke ciki ba ragi. Abu ɗaya ne nake gargaɗinka a kai, kada ka ce ka goge alhali ka ɓoye. Ranar da ta gano, zancen ya tashi daga fim ya koma na amana.

Alamar PG da ta yaudare ka tana da tarihi. A Amurka babu matakin PG-13, mai gargaɗin iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, sai a watan Yulin 1984, bayan iyaye sun yi ca a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom. Kafin nan duk abin da ya wuce G, na kowa da kowa, amma bai kai R na manya ba, PG ake liƙa masa, har da Jaws na 1975 da Poltergeist na 1982. Ko bayan nan ma, masu sa alamar sun fi ƙirga jini da zagi da tsiraici, fargabar da ke shiga zuciyar ƙaramin yaro ba ta da ma'auni a wurinsu. Watership Down na 1978, zanen zomaye da ke yayyaga juna, ya yi sama da shekara 40 da alamar U a Birtaniya, wato na kowa da kowa, kafin a ɗaga shi zuwa PG. Don haka ka daina tsayawa a harafin. Shafin BBFC, hukumar tantance finafinai ta Birtaniya, da sashen jagoran iyaye na IMDb da Common Sense Media duk suna zayyana abin da ke cikin fim fage-fage, karatun minti biyar ne. Kwafin da ake samu a shagon masu tura finafinai sau da yawa ba ya ɗauke da alama ko ɗaya.

Ga ɗanka, wannan ne lokacin da tarin naka zai yi rana, da rana tsaka kuma ƙanwarsa ba ta gida. Ka fara da Labyrinth na Jim Henson, 1986, labarin yarinyar da ta yi fatan dodanni su ɗauke ƙanenta jariri, suka ɗauke, aka ba ta awa 13 ta ƙwato shi. Abin da ya tara a silimomin Amurka kusan rabin dala miliyan 25 da aka kashe masa ne, kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi har ya samu masoya 'yan gani-kashe-ni, kuma yaro mai ƙanwa zai ji saƙonsa. The Dark Crystal na 1982, wanda Henson ya yi tare da Frank Oz, ya fi shi duhu da kyau, babu fuskar ɗan'adam ko ɗaya a ciki, sai dai ka shirya masa fagen da ake tsotse ran wani ɗan halitta a kan kujera. A The NeverEnding Story na 1984 ba kyarkecin ne ke karya yara ba, dokin da ya nutse a fadama ne, ka bar shi ya yi kukansa kada ka ce namiji ba ya kuka. Biyu kuma ka jinkirta su ko ga shi, ita kuwa ƙaramar kada su kusance ta: The Witches na 1990, inda shugabar mayu ke ɓare fuskarta, da Return to Oz na 1985 mai gimbiyar da ke canza kawuna daga cikin kabad. Rikiɗar nan ce dai. Ita, bayan wata ɗaya ko biyu, My Neighbor Totoro na 1988 ya ishe ta, babu mugu a cikinsa sam, illa dai ka sani uwar yaran tana kwance a asibiti, in lokacin bai yi ba ka dakata.

Na manya kuwa, Pan's Labyrinth na Guillermo del Toro, 2006, shi ne wanda ya fi cancantar ka koma masa yanzu da ka zama uba. A Sifaniya ta 1944 yake, shekara biyar bayan yaƙin basasa, ya ci Oscar uku, kuma a kallo na biyu za ka ga dodon da ke da idanu a tafin hannu bai kai mijin uwar yarinyar fim ɗin, kyaftin ɗin soja, ban tsoro ba. Kada ka fara wa maiɗakinka da shi. Tun farko-farko akwai inda aka farfasa wa wani fuska da kwalba, ga azabtarwa ga yanke ƙafa. Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali, 1987, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes, labarin uba matsafi ne da ke farautar ɗansa, da harshen Bambara, a ƙasar da za ka ga kamar ka san ta. Yana tafiya a hankali, akwai yanka na tsafi da fagen wanka ba sutura, ka san da wannan tun kafin ka kunna. Sai Tumbbad na Indiya, 2018, daga 1918 zuwa 1947 a wani ƙauye da ruwan sama ba ya ɗaukewa, inda wani mutum ke yaudarar abin bautar da aka la'anta da 'yar tsanar ƙullun fulawa don ya sace masa zinariya. Da aka mayar da shi silima a 2024 ya fi tara kuɗi a kan fitowarsa ta farko. Kashi na ukunsa uba ne ke jan ɗansa ƙarami cikin abin da shi yake so tun yaron bai isa ba, ba sai na ce komai ba.

Burinka na kallo tare da ita mai yiwuwa ne, amma ba a wannan watan ba. Ka fara tambayarta abin da ta kalla tana yarinya. Da yawa daga cikin matanmu da ke cewa ba sa son irin wannan sun taso da finafinan macijiya na Indiya, irin Nagin na 1976 da Nagina na 1986 wanda Sridevi ta fito a ciki, kuma dangin juna ne da naka. In ta ambaci ɗaya, shi za ku fara kallo, zaɓinta ne. Bayan shi ka kawo Spirited Away na Hayao Miyazaki, 2001, yarinya 'yar shekara 10 da ke aikatau a gidan wankan iskoki don ta ceto iyayenta, ka gaya mata tun farko cewa iyayen aladu suka koma saboda haɗama, kuma iskokin na al'adar Japan ne. Ya haura awa biyu kaɗan, ku raba shi zama biyu, rimot yana hannunta, kai kuma ka riƙe bakinka da bayanin wane darakta da wace shekara. In ta kalla ta ce ba nata ba ne, ka karɓa, ka nemi abokai biyu ko uku masu irin ra'ayinka ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata a ɗakin wanda ba shi da ƙananan yara.